Ku ƙyale Russell Wilson, ku tuhumi waɗanda suka sa hannu a kwantiragin

Tun ranar da Denver Broncos ta zuba maki 33 a zango na huɗu ta doke New York Giants da ci 33 da 32 a watan Oktoban 2025, hirar masu bin NFL, babbar gasar zari-rugar Amurka, ta bar kan wasan, ta koma kan mutumin da ke zaune a benci. Kocin Denver Sean Payton ya ce da son ransu ne, da Giants ba ta sauya kwatabak, wato ɗan wasan da ke jefa ƙwallo yana jagorantar hari, ba sai bayan karawarsu. Kowa ya gane inda ya dosa: da Russell Wilson suka tarar a fili maimakon Jaxson Dart, da abin ya zo musu da sauƙi. Wilson ya mayar da martani a X, ya ce wannan rashin dattako ne. Shi ke nan aka fama tsohon miki, domin Wilson ya buga wa Denver wasa a 2022 da 2023, kuma Payton ne ya ajiye shi a benci kafin a sallame shi.

Masu kare Wilson hujjarsu ɗaya ce, wai mutumin kirki ne mai ziyartar yara a asibiti, kamar kirki ne ke jefa ƙwallo. Waɗannan ba su da wahalar sallama. Waɗanda suka fi ba ni haushi su ne masu cewa Wilson ɗan damfara ne, ya cuci Denver, kuma ko gidauniyarsa ma haka take. Wannan magana tana da daɗin faɗa, amma amfaninta ɗaya: tana wanke shugabannin da suka yi ɗaya daga cikin mafi munin ciniki a tarihin zari-rugar Amurka.

Wilson ya shekara goma yana wasa a Seattle a bainar jama'a, babu abin da ya ɓoye. Tsawonsa mita 1.80 ne, ƙartin da ke tare masa gaba kuwa galibinsu sun doshi mita biyu. Saboda haka tsakiyar fili, inda ake sakin gajeriyar jifa cikin daƙiƙa biyu da rabi, ba nan ya fi ƙwarewa ba. Makamansa uku ne. Akwai doguwar jifa mai tashi sama ta sauka a gefen fili. Akwai yaudara, inda zai yi kamar ya miƙa wa mai rugawa da ƙwallo, 'yan tsaro su matso gaba, shi kuma ya jefa ta bayansu. Sai zillewa idan katangar gabansa ta rushe. Kowanne da sharaɗinsa. Yaudara ba ta ci sai abokan hamayya na tsoron mai rugawar da gaske, kamar yadda suke tsoron Marshawn Lynch lokacin da Seattle ta lallasa Denver ɗin nan da ci 43 da 8 a Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar, na Fabrairun 2014. Zillewa aikin ƙafa ce, ƙafa kuwa tana tsufa kafin hannu. Doguwar jifa tana buƙatar a riƙe ƙwallo daƙiƙa uku ko fiye, kuma mai riƙe ƙwallo haka dole a riƙa kayar da shi. Kowace kayarwa asarar yadi shida ko bakwai ce. Ƙungiyar da ke neman yadi goma sai ta koma neman goma sha bakwai a dama ta uku cikin huɗun da ake ba ta, daga nan sai a buga wa abokan hamayya ƙwallo.

Duk mai kallon bidiyon wasanni ya san wannan a watan Maris na 2022, lokacin da Wilson ke da shekara 33. Janar manajan Denver George Paton ya sani. Duk da haka, don ya samu Wilson, ya ba Seattle damarsa ta zaɓar sababbin 'yan wasa: zaɓin zagayen farko guda biyu, na zagaye na biyu guda biyu, na biyar guda ɗaya, ya haɗa da Drew Lock da Noah Fant da Shelby Harris. A ce wannan caca ce da ƙungiyar da ta daɗe ba ta da kwatabak za ta iya yi, to an yarda. Abin da ba shi da uzuri shi ne na ranar 1 ga Satumba. Wilson yana da sauran shekara biyu a tsohon kwantiraginsa, babu inda za shi, babu mai ƙwace shi. Kafin ya jefa ƙwallo ko ɗaya a wasan gasa da rigar Denver, aka ƙara masa shekara biyar kan dala miliyan 245, miliyan 165 daga ciki da lamuni. Cinikin biri a sama ke nan, ga kuma birin an riga an ɗaure shi a gida, kallonsa kawai ya rage a yi na wata huɗu.

Sannan aka damƙa shi a hannun Nathaniel Hackett, wanda bai taɓa zama babban koci ba, kuma tsarin da ya taso da shi daga Green Bay ya ginu ne kan ƙidayar taku: taku uku ko biyar da baya, ƙafar baya ta dire, ƙwallo ta fita. Kishiyar yadda Wilson ya saba ke nan. Wasan farko ma ya isa shaida. A Seattle, ana 17 da 16, saura kusan minti ɗaya, Denver na neman yadi biyar a dama ta huɗu. Hackett ya bar agogo ya zube, ya fitar da mutumin da aka yi wa alƙawarin miliyan 245 kwana goma sha ɗaya kafin nan, ya sa Brandon McManus bugun yadi 64. Ta baude. Mako na gaba magoya bayan Denver da kansu suka riƙa ƙirga wa ƙungiyarsu daƙiƙoƙin agogo da ƙarfi, saboda umarni ba ya isowa daga gefen fili a kan lokaci. An kori Hackett washegarin Kirsimeti bayan Rams ta yi musu 51 da 14. Wilson ya gama kakar da jifar maki 16, an cafe masa 11, an kayar da shi sau 55. Ya yi mummunan wasa, babu mai musu. Amma shekara ta gaba, da sabon koci Payton ya gajarta masa jifa ya dogara da masu rugawa, sai ga jifar maki 26, cafewa 8, da nasara biyar a jere. Ɗan wasan bai sauya ba. Matsakaicin kwatabak ne da aka saya da kuɗin gwarzo, kuma ba shi ya yanka wa kansa farashi shi kaɗai ba.

Ku dubi abin da ya biyo baya. An ajiye shi a wasanni biyu na ƙarshe na 2023 ana tsaka da taƙaddama kan dala miliyan 37 da za su zama wajibi idan ya ji rauni. A Maris na 2024 aka sallame shi, tun sababbin shekaru biyar ɗin ba su ma fara ba. Denver ta ɗauki mataccen kuɗi, wato kuɗin da ake lissafa mata kan ɗan wasan da ya riga ya tafi, na miliyan 85 a lissafin albashinta, mafi girma da aka taɓa gani a lokacin: miliyan 53 a 2024, miliyan 32 a 2025. Iyakar albashin kowace ƙungiya a 2024 miliyan 255.4 ce. Wato kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka halatta wa Denver ta kashe ya tafi kan mutumin da ke wasa a Pittsburgh kan dala miliyan 1.21. Seattle kuwa ta ɗauki Charles Cross da Boye Mafe da Devon Witherspoon da Derick Hall da waɗancan zaɓuka. Masu cewa ai Denver ta farfaɗo da sabon kwatabak ɗinta Bo Nix, a bar tone-tone, sun manta cewa kwantiragin Nix na shekara huɗu bai kai miliyan 19 ba, kuma arhar nan ce ta rufe ramin.

Da lissafin fili ya ƙi ba su abin da suke so, sai masu suka su koma kan gidauniya. A nan ma akwai gaskiya, amma an murɗe ta. Binciken da jaridar USA Today ta wallafa a Fabrairun 2023 ya nuna cewa a 2020 da 2021, cikin kowace dala da gidauniyar Why Not You ta kashe, abin da ya tafi ga aikin taimako kai tsaye bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, albashin ma'aikata ya kusa ninka shi. Gidauniyar ta ce miliyoyin da take tarawa tare da kamfanoni suna wucewa kai tsaye zuwa inda aka nufa, ba sa bi ta asusunta. Duka biyun za su iya zama gaskiya a lokaci guda. Galibin ƙungiyoyin agaji a Amurka suna cike fom mai lamba 990 ga hukumar haraji, kuma kowa na iya karantawa. Kashe kuɗi a ciki kashi uku ne: aikin taimako, gudanarwa, da neman gudummawa. Inda gidauniyoyin 'yan wasa ke tuntuɓe sananne ne. Ana ɗaukar shugaba da mataimaka da albashin babbar ƙungiya alhali abin da ke shigowa na ƙarama ne. Ana shirya liyafar dare ko gasar golf da hayar wuri da abinci ke cinye rabin abin da aka tara. Ana ba abokai da ma'aikatan gida muƙamai, babu wani ɗan waje a kwamitin amintattu da zai ce a'a. Wannan sakaci ne da rashin iya gudanarwa, ya kuma cancanci suka. Sata wani abu ne daban, binciken bai ce an yi ta ba. Ziyarar da ya riƙa kai wa asibitin yara na Seattle ranakun Talata kuwa ba ta shiga kowane fom.

Yadda ya kamata a yi ba sirri ba ne. Lokacin guguwar Harvey a 2017, ɗan wasan NFL J.J. Watt ya nemi gudummawar dala dubu 200, ya tara sama da miliyan 37. Bai tsaya gina sabuwar ma'aikata ba, ya raba kuɗin ga ƙungiyoyin da suka riga suka san aikin, irin su Feeding America da Save the Children da Americares. Idan akwai wanda za a tuhuma a nan, NFL ce, wadda ta ba Wilson kyautar Walter Payton ta 2020, ta ɗan wasan da ya yi fice a aikin taimako, kyautar da take kira mafi daraja a wurinta. Ko dai ta karanta takardun ta ga babu laifi, ko ba ta karanta ba. Kafin a miƙa wa kowa wannan kofi, a sa akanta ya duba fom ɗinsa. Aikin yini ɗaya ne.

Abin takaici, darasin Denver bai isa New York ba. Kowa ya ga yadda Pittsburgh ta sha kashi sau biyar a jere a ƙarshen kakar 2024. A 2025 Giants ta ba Wilson miliyan 10.5 da lamuni, ta ɗauko Jameis Winston, sannan ta yi musayar zaɓuka ta haura zuwa lamba 25 don ta ɗauki Dart. Kwatabak uku a lokaci ɗaya alama ce ta shugabannin da ke tsoron kora, suna neman wanda za su laɓe a bayansa. Wilson ya jefa yadi 450 a Dallas, mako na gaba 'yan kallo suka yi masa ihu a gida gaban Kansas City, aka ajiye shi bayan wasa uku babu nasara. A Nuwamba aka kori koci Brian Daboll. Janar manaja Joe Schoen, wanda ya haɗa wannan kwamacala, shi aka bar wa aikin nemo sabon koci. Paton ma yana kujerarsa a Denver. Masu ƙungiyoyin nan su daina ƙara wa ɗan wasan da ya haura talatin kwantiragi kafin su gan shi kaka guda a tsarinsu, kuma idan ciniki ya ci miliyan 85, takardar sallama ta fara isa ofishin da aka sa hannu kafin ta isa ɗakin sauya kaya.