Wai in matsa baya, ina warin garke

Ranar Litinin da ta wuce na koma ofishin shirin dashen itatuwa karo na bakwai ina bin kuɗina, kuma wallahi da na dawo gida ko tuwon dare ban iya ci ba. Har yanzu idan na tuna fuskar yaron da na tarar a ofishin sai in ji ƙirjina yana tafasa.

Shekara shida ke nan da ma'aikatan shirin suka zo garinmu a farar mota, suka tara mu masu kiwo a ƙofar gidan dagaci. Suka ce hamada tana cin ƙasar Gumel, kuma dabbobinmu na cikin masu taimaka mata. Ba mu yi musu ba, don idonmu ya ga yadda rairayi ya binne tsohuwar mashaya. Suka kafa sharuɗɗa: a daina datse rassan gawo har ya koma kututture, kowa ya ware wani ɓangare na gonarsa ya dasa itatuwan kiwo da gamba, ya kewaye da shinge, ya ɗaure dabbobi a turke maimakon sakinsu da rani, ya riƙa tara taki. Wanda ya cika za a biya shi kashi uku. Aka ɗauki hotunanmu, muka dangwala yatsa.

Ni na cika. Bijimai biyu na kora kasuwar Maigatari ranar Alhamis na sayar, na sayi waya da turaku, na ɗauki hayar amalanke tana kawo ruwa. Wata biyar na rani 'ya'yana suna tashi tun asuba da jarkoki suna ban ruwa kafin su tafi makaranta. Dabbar da ke turke kuwa ba ta san alkawarin gwamnati ba, cikinta kawai ta sani, don haka harawa da dusa da a da ban cika saye ba suka zama cefanen kullum. Kashin farko ya shigo. Na biyu ya zo rabi. Na uku shi nake bi har yau.

Na isa ofishin tun hantsi, na zauna a benci har aka yi azahar aka dawo. Da aka kira ni na shiga da sallama. Yaro ne da bai girmi ɗana na biyu ba, yana kishingiɗe a kujera yana latsa waya. Bai amsa sallamar ba. Na sake yi. Ya ce, "Eh, Baba, mene ne?" ko kai bai ɗago ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, maganar ragowar kuɗin dashe ce." Na zaro takardata daga leda, na miƙa masa da hannu biyu. Ya kama ta da yatsa biyu kamar wanda aka miƙa wa mushe, ya duba, ya jefar da ita a tebur.

"An rufe wannan shirin."

Na ce, "Yallaɓai, an rufe shi da haƙƙina a ciki. Malamin da kuka turo ya je ya ƙirga itatuwana, ga sa hannunsa nan."

"Wanda ya sa hannun an yi masa canji."

"To itatuwan ai ba a yi musu canji ba. Suna nan. A zo a gani."

Sai a nan ya ɗago. Ya dube ni tun daga hula har takalmi, ya yi wata 'yar dariya ya juya wajen abokin aikinsa ya ce, "Ka ji mutanen nan ko? An ba su itatuwa kyauta, an koya musu wayewa kyauta, sun kuma dawo a biya su." Na matso kusa da tebur don in nuna masa inda aka rubuta kashi na uku. Ya ɗaga hannu ya toshe hanci. "Baba, don Allah matsa baya, kana warin garke."

Na yi shiru. Ɗakin ma ya yi shiru. Akwai wani dattijo a bayana da ya zo kan irin matsalata, na ji yana cewa innalillahi a hankali. Na ɗauki takardata, na ninke ta, na mayar cikin leda. Abin da na iya faɗa kawai shi ne, "Ɗana, wannan warin shi ya rene ka." Ya ce in dawo bayan sallah. Wace sallar? Bai faɗa ba, ya riga ya koma kan wayarsa.

Warin garke! Naman da ke cikin miyar gidanku daga ina ya fito? Nonon da ake dama maka fura da shi, a ofis aka tatso shi? Ragon layyar da kake ɗaukar hoto da shi, wa ya kwana a turkensa? Takalmin fatar da ke ƙafarka fa? Kai da albashinka ya fito daga rahoton da aka rubuta da gumin 'ya'yana, kai ne za ka toshe mini hanci. Hoton gonata na nan manne a bangon ofishinku, na gan shi da idona, har da ni a tsaye a gefen shinge. A hoto ba na wari. Sai da na zo karɓar haƙƙina.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, shawarar da suka kawo mai kyau ce, kuma ba zan ƙaryata ba don ina fushi. Gawon da na bari ya girma. Kowa ya san halin gawo: da damina ya zubar da ganye ya bar wa gero rana, da rani ya yi kore lokacin da komai ya bushe, ya zubo da 'ya'ya daidai lokacin da harawa ta yi tsada. Geron da ke ƙarƙashinsa ya fi na fili zangarniya. Gambar da na shuka tana riƙe ƙasa, ina yanka wa dabbobi, ina kuma samun na zana. Ko sisi ba su ƙara ba ni ba, ba zan sa wa itatuwan nan gatari ba. Amma cikin waɗanda muka dangwala yatsa tare, da yawa sun cire shinge sun sayar da wayar tun shekarar da kuɗi ya tsaya. Ban ga laifinsu ba. Wanda aronta aka ba shi gonar, ko wanda ya ci bashi ya yi shingen, da me zai jira gawo ya girma? Waɗanda suka ɗore su ne masu gonar kansu da ɗan abin hannu. Talakan cikinmu, wanda aka ce dominsa aka kawo shirin, shi ya fita da bashi.

Kuma ba sai an je nesa ba a ga yadda ake yi. Ka tsallaka iyaka ka bi ta Magarya da Matamaye har Mirriya, gawo ne iya ganinka a cikin gonaki. A Maraɗi, lokacin yunwar 1984, an riƙa ba mutane abinci don su bar tohon itatuwa ya tashi a gonakinsu. Da rabon ya ƙare da yawa sun sare nasu. Amma abin ya dawo ya bazu da kansa, har ana lissafin fili kusan hekta miliyan 5 ya farfaɗo a Nijar, saboda manomi ya ga amfanin itacen, kuma a hankali hukuma ta sakar masa mara, ya tabbata itacen da ya rena nasa ne. Mu a nan wa ya tabbatar mana da komai? Bara masu gawayi suka shiga gonar maƙwabcina da dare suka kayar da manyan itatuwa uku. Ya kai ƙara, har yau shiru. Buhunan gawayi kuwa a kan titi suke wucewa mota-mota da rana tsaka, gaban kowa.

Haka gwamnatocin ƙasar nan suke da mai kiwo tun fil azal. Tun 1965 aka yi dokar keɓe makiyaya a Arewa. Ana cewa akwai wurare 415, amma waɗanda aka yi wa cikakkiyar takardar doka ba su kai rabi ba. Je ka nemi burtalin da kakanninmu suka bi, za ka tarar da gonar wani babba ko fulotai. A 2019 aka zo da maganar Ruga, ba a je ko'ina ba aka dakatar. Aka ce ga wani sabon tsarin sauya fasalin kiwo na shekara goma. A 2024 aka kafa ma'aikatar kiwo sukutum. Ga ganuwar itatuwa ta tare hamada da ake ta shela tun 2007, wadda Jigawa na cikin jihohin da ta ratsa. Kowane shiri da motocinsa, da taronsa a otal, da hulunansa masu tambari. Idan wa'adin masu ba da kuɗin ya cika sai a kulle ofis, a bar mutum da turke da dabba mai jin yunwa. Babu mai dawowa bayan shekara biyar ya tambaya itace nawa ya rayu, wa ya ci gaba, wa ya karye, don me ya karye. Sannan tun da aka cire tallafin mai a 2023 naira ta zube, kuɗin da nake bi ko yau aka ba ni ba zai sayi ɗan maraƙi ba, ni da na sayar da bijimai.

Mu ma jama'a muna da namu. Mun rena 'ya'ya da kuɗin nono da na awaki, mun kai su boko, sun dawo suna ƙyamar abin da ya kai su. Idan aka yi rikici a ce makiyayi, idan daji ya ƙare a ce makiyayi, idan nama ya yi tsada a ce makiyayi. Ranar da makiyayin ya yi abin da aka ce, ya dasa, ya killace, ya ɗaure, sai a toshe masa hanci.

Jiya da yamma mai unguwa ya aiko wai wasu baƙi za su zo ranar Asabar da sabon shirin dashe, kowa ya fito da katin ɗan ƙasa da hoto biyu. Na ce wa ɗan aiken ya gaya masa zan zo. Takardar nan tawa ta cikin leda zan riƙo, kuma a gaban dagaci da kowa zan buɗe ta kafin wani ya dangwala yatsa.