Babur Ai Babur Ne, In Ji Ni

Wata huɗu kacal da na koyi tuƙi, shi ma a kan roba-roba wanda ko kuloci ba shi da shi, sai ga ɗan baffana ya zo yawon Sallah Kano daga Abuja a kan babur ɗin tsere, Yamaha R6. Ƙarar salansa ta riga shi shigowa layinmu. Yara suka yanyame shi, 'yan majalisa suka miƙe suna shafa tayar baya. Ni kuwa da baki ba ya bari na zauna lafiya, sai na ce, "Babur ai babur ne, fenti ne ya bambanta."

Tsakani da Allah yaron nan ya yi min bayani. "Yaya, girman injin naka cc 110 ne, wannan kusan 600, silinda huɗu. Boxer ta 'yan acaɓa ƙarfin doki wajen takwas gare ta, wannan ya haura ɗari. A giyar farko kaɗai yana wuce kilomita 100 a awa." Na tuna masa cewa ni na koya masa keke. Ya miƙo makulli, amma ya rantse sai na sa hular kwano. Na sa ina ƙunƙuni. Mu da a 2009, da aka tilasta hular nan, wasu 'yan acaɓanmu ƙwarya suka kifa a ka.

Zaman ma kansa horo ne. Ƙirji a kan tanki, mazaunai a sama, kamar kwaɗo zai yi tsalle, ga sabuwar shadda ta tattare har cinya, yatsun ƙafa ne kawai ke taɓa ƙasa. Na taka giya, na saki kuloci, ya mutu. Na sake, ya mutu. A karo na uku wani a majalisa ya ce ko a kawo min nawa.

Wannan maganar ce ta kai ni ta baro. Na murɗa totur irin murɗar da nake wa roba-roba in zan hau gada da buhun shinkafa, na saki kulocin gaba ɗaya.

Jama'a, ban san tayar gaba tana iya rabuwa da ƙasa ba sai ranar. Kuma ga mugun abu: da ya fizga sai jikina ya yi baya, hannuna da ke riƙe da totur ya ƙara murɗawa ba da izinina ba. Ina salati a cikin hula, yara na bi na da gudu suna "Sai Yaya! Sai Yaya!" A zatonsu gwaninta ce.

Da tayar ta dawo ƙasa na damƙi birkin gaba da yatsu huɗu. Birkin roba-roba sai ka lallashe shi yake kamawa, wannan kuwa faifai biyu ne, yatsa ɗaya ya ishe shi. Babur ya ƙame, ni ban ƙame ba. Na bi ta saman kansa na sauka a tulin yashin Alhaji maƙwabcinmu, yashin da muka shekara biyu muna tsine wa don ya tare hanya. Duk tafiyar ba ta kai gida biyar ba.

Na ɗago kai na hango ɗan baffana ya taho a guje, zuciyata ta yi sanyi, na ce jini ba ƙarya ba ne. Ya tsallake ƙafata ya wuce wajen babur. Mutum uku suka taru kafin su ɗaga shi, don ya kusa kilo 190. Robar gefe ta tsage, madubi ya karye. Da ya faɗi kuɗinsu na lissafa, in na sayar da roba-robana sai na nemo ciko.

Ina zaune ina tofar da yashi sai ga Alhaji ya fito. Ya dube ni, ya dubi ramin da na yi.

"Sannu, ɗana. Babu karaya dai ko?"

Na ce babu.

"To madalla. In ka cire hular, ka juye min wanda ke ciki, tifa ta yi tsada."