An bar jaki ana dukan taiki kan sunan madara

Abin haushi, ana ta jayayya kan suna kawai: ko ya dace a kira ruwan tsirrai irin su waken suya da shinkafa madara. Kotun Tarayyar Turai ta hana kiran ruwan waken suya madara a 2017, a Amurka kuwa ana sayar da shi da sunan. Uwa dai fari take gani a kanti, ta ɗauka duk ɗaya ne. Madarar shanu na da furotin kusan giram 3 a mililita 100, ta waken suya ma kusan haka, amma ta shinkafa ko giram 1 ba ta kai ba. Kalsiyam (sinadarin ƙarfafa ƙashi) ɗin da ake ƙara wa madarar tsirrai kuma kwanciya yake a gindin kwali, in ba a girgiza sosai ba sai ya bi shara. A rubuta wannan ɓaro-ɓaro a gaban kwali, da gargaɗin kada a shayar da jariri da madarar tsirrai.