Ku Bar Ganuwar Zazzau Ta Huta

'Yan'uwana matasan Zariya, musamman masu buga tubali da masu haƙar yashi da direbobin tifa, da ku nake.

Duk wanda ya zaga bayan birni, daga Ƙofar Gayan zuwa Ƙofar Kuyambana, ya san ganuwa na ƙarewa. Muna ɗora wa damina laifi, alhali shebur ɗinmu ya fi ruwan sama ɓarna. A ɗebi jar ƙasa yau a yi yaɓe, gobe a yanka fuloti, jibi wurin ya zama bola. Neman halak ba laifi ba ne, amma ƙasar gini ba ta ƙare a daji ba.

Abin da ya fi damuna ma shi ne wanda ido bai gani. A ƙarƙashin tsoffin garuruwan Kufena da Turunku da gonakin Samaru akwai tsingaro da duwatsun niƙa da kashin maƙera, shaidar cewa mutanen wannan ƙasa sun daɗe suna narka tama. Masana kayan tarihi ba tsohuwar tukunya kaɗai suke nema ba. Zurfin da take, da gawayin da ke gefenta, da irin ƙasar da ta rufe ta, su ne ke faɗin shekarunta. Da zarar ka ciro ta ka wanke ka kai wa dillali, ka yage shafin da ba mai sake rubuta shi. Haka aka yi wa yankin Nok a kudancin jiharmu: tun da aka fara tsintar kawunan yumɓu a wajen haƙar kuza a 1928, an tone wurare ba adadi, kayan suka ƙare a Turai, mahaƙan kuma ko kwanon rufi ba su canza ba.

Ku dubi Dufuna a jihar Yobe. A 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya ya ci karo da katako. Bai sa masa gatari ba, labari ya kai ga hukuma. Sai a 1994 masana daga Jami'ar Maiduguri da Jamus suka tone shi: kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8, mai shekaru wajen 8,000, mafi tsufa da aka sani a Afirka. Laimar ƙasa ce ta adana shi, da an bar shi a rana da ya tsattsage. Don haka ku masu yashi a kogunan Galma da Kubanni, in kun taɓo tsohon abu cikin laka, ku bar shi a jiƙe a inda yake.

Ku ɗauki hoto da waya, ku shaida wa mai unguwa, a sanar da sashen binciken kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, ga shi nan Samaru, kuɗin Keke Napep ne. Dillalin da ke zuwa da daddare kuwa ba zai gaya muku cewa dokar 1979, wadda ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, ta hana cinikin irin waɗannan kaya da fitar da su ba da izini ba. Ranar da aka yi kamu, wayarsa a kashe za ku same ta.