Kujerar Da Ta Ƙi Barin Gidana

Zauren WhatsApp na unguwarmu ta Badariya, a nan Birnin Kebbi, an buɗe shi ne domin sanarwar ɗaurin aure da rasuwa da karo-karon gyaran taransifoma. Amma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kaya suka yi tashin gwauron zabo, sai ya koma dandalin kwance, inda mai tsohuwar fanka ko katifa ko littattafan 'yan firamare zai ɗora hoto ya rubuta cewa fisabilillahi ne, mai buƙata ya zo ya ɗauka.

Ni kuwa ina da wata kujera mai zaman mutum uku wadda na saya tun ina gwauro, kuma uwargida ta yi shekaru tana roƙona in raba ta da ganinta. Ƙafarta ɗaya ta karye, da rabin bulo muke tokare ta, sannan akwai wani sifirin a ɓangaren hagu da yake gaisawa da duk baƙon da ya zauna bai yi bisimilla ba. Na ɗauki hotonta ta gefen da ya fi kyau, kuma gaskiya ɗaya ce, sai da na sa yaro ya tsaya daidai inda bulon yake. Kafin la'asar addu'o'i sun cika zauren, wannan ya ce Allah ya saka da alheri, wancan ya ce Allah ya ƙara buɗi, har na fara tafiya masallaci ina gyara zaman hula kamar wanda ya gina rijiyar burtsatse.

Wani matashi ne ya riga kowa nema, sai dai ya ce ba shi da kuɗin dako. Tunda an riga an yabe ni a bainar jama'a, ba ni da bakin cewa a'a, don haka na kira mai amalanke na biya shi naira 3,000. Muna ɗorawa bulon ya bayyana a fili, mai amalanken ya dube shi ya dube ni, ya ce, "Alhaji, da wannan za a tafi ko shi ba ya cikin sadakar?" Na ce ya haɗa da shi.

Bayan kamar wata biyar, ina dawowa daga aiki cikin zafin Afrilu, irin wanda mutum yake jin kwalta tana neman riƙe masa takalmi, uwargida ta tare ni da fara'ar da na san ba ta zuwa kyauta. Ta ce, "Malam, albishirinka. Wata baiwar Allah a zaurenmu na matan Islamiyya an yi wa maigidanta canjin aiki zuwa Yauri, tana rabar da kayan da mota ba za ta ɗauka ba, kuma na riga kowa kama kujera." Ta nuna mini hoton kujera mai sabon yadi ruwan ƙasa, har da 'yan matasai biyu. Na yaba, na ce lalle har yanzu akwai mutanen kirki, ban da irin masu ɗora tarkace su ce sadaka.

Mai amalanken nan dai na sake kira, wannan karon ya ce naira 4,000, wai garin rogo ma ya ƙara kuɗi. Da ya iso ƙofar gida na lura yana danne dariya, bai ce komai ba, sai ya sauke kujerar, ya koma ya ɗauko rabin bulo ya ajiye a gefenta cikin ladabi. Zuciyata ta ba ni wani abu, amma na dake, na ce ai bulo da bulo suna kama. Na gyara babbar riga na zauna a ɓangaren hagu, nan take tsohon abokina ya gaishe ni gaisuwar wanda aka daɗe ba a haɗu ba, na miƙe zumbur ina salati. Ashe matashin ya ba gwaggonsa, gwaggon ta kai wa mai gyaran kujeru ya sake mata yadi kawai, daga nan ta bi hannu biyu kafin ta gano hanyar gida.

Ba ita kaɗai ta dawo ba. A daren farko muka fahimci cewa ta yi yawon duniya ta zo mana da tsarabar kuɗin cizo, waɗanda suka bazu har ɗakin yara, sai da muka kwashe kwana uku muna shanya katifu a rana, na kuma biya mai feshi abin da ya kusa sayen sabuwar kujerar roba biyu.

Makon jiya na sake ɗora hotonta a zauren, na faɗi aibinta duka, har bulon na nuna. Mutum sama da ɗari suka gani, ba wanda ya ce uffan, ko addu'a ɗaya ban samu ba. Can bayan isha'i waya ta yi ƙara, na ɗauka da sauri, sai na ji muryar mai amalanke yana tambaya ko da safe zai zo, kuma wai idan zuwa da dawowa zan biya gaba ɗaya, zai yi mini ragi.