Muryar da na'ura ba ta taɓa ba

Manhajar gyaran murya da ake kira Auto-Tune ba mawaƙi ne ya ƙirƙiro ta ba. Andy Hildebrand injiniya ne da ya yi aiki da kamfanin mai na Exxon, yana nazarin yadda sauti ke ratsa ƙasa ya dawo, domin a gano inda mai yake kwance. Da irin wannan lissafi ya fito da manhajar a 1997, a kamfanin Antares. Aikinta shi ne ta bi muryar mawaƙi, duk inda ta kauce daga amon da ake so, ta jawo ta ta ɗora a kan hanya. Shekara guda bayan fitowarta, aka murɗa saurin gyaran har ƙarshe a wata waƙar mawaƙiyar Amurka Cher, murya ta riƙa tsalle daga amo zuwa amo kamar ta ƙarfe. Abin da aka yi don rufa asirin kuskure sai ya koma ado, daga baya mawaƙin Amurka T-Pain ya mai da shi tambarinsa.

Ba ni da faɗa da na'urar. Ta taimaki yara da yawa da ba su da kuɗin kwana a situdiyo suna maimaita baiti guda. Damuwata ita ce yadda ta mamaye waƙoƙinmu, musamman na finafinan Kannywood, har ta kai mutum ya saurari mawaƙa biyar a jere ya kasa bambance su. Hausa kuma harshe ne mai karin sauti, hawa da saukar murya na cikin ma'anar kalma. Idan aka matsa gyaran da ƙarfi, wannan lanƙwasar da ke sa kalma ta zauna daram a kunne ita ce ta farko da ke tafiya. Ka tuna muryar Mamman Shata da kaushinta a kan kalangu. Daga ɗaki na uku za ka gane shi, kuma kaushin nan ne ya sa.

Shi ya sa ban yi mamakin yadda mutane ke tururuwa kan bidiyoyin rap na yaran unguwa a TikTok da Facebook ba. Yaro na tsaye a gindin katanga, abokinsa na buga benci da tafin hannu, wani na riƙe da waya hannunsa na rawa. Mai babur ya ratsa ta baya, yaron bai tsaya ba. Kana jin inda numfashinsa ya kusa ƙarewa, kana jin yadda ya haɗiye rabin kalma don ya cim ma kiɗan. A nan ne mai kallo ke yarda da shi, domin ya ga abin ya fito daga ƙirjin mutum a gabansa. Rap dama a kan kalma, numfashi da faɗawa kan kiɗa ya tsaya, kuma manhajar gyaran amo ba ta iya ara wa kowa ko ɗaya daga cikinsu. Haka ya taso a unguwar Bronx ta birnin New York a shekarun 1970, a bukukuwan unguwa da filayen wasa, shekaru kafin a fara buga shi a faifai.

Ba kowane ɗanyen bidiyo ne ke da armashi ba, wasu hayaniya ce kawai. Amma wanda ya iya, ba ya ɓuya.

Abin da ke ci mini rai shi ne abin da ke biyo baya. Da zarar bidiyon yaro ya karaɗe wayoyi, sai a kira shi situdiyo, kuma abu na farko da ake yi masa shi ne goge muryar nan da ta sa aka neme shi. Waƙar ta fito sumul, sai ka saurara har ƙarshe kana neman yaron gindin katanga ba ka same shi ba.