Kunyar nan tamu tana cutar yaranmu a teburin IEP, tsarin karatun yara masu buƙata ta musamman a Amurka

Yarona na biyu ya kai shekara uku bai iya haɗa kalma biyu ba. Da a gida Najeriya ne na san abin da zan ji, "ƙyale shi kawai, babansa ma bai yi magana da wuri ba", daga nan kuma a koma zancen iska da sammu. A nan Amurka likitar yara ce ta ce in rubuta wa hukumar makarantun yankinmu in nemi a gwada shi, ta kuma nanata min cewa a rubuce fa, ba da baki ba. Sakamako ya fito, otizim ne, wato galahanga.

Gaskiya dokarsu tana da ƙarfi. Tun 1975 aka yi ta, a 1990 aka sa mata suna IDEA, ta ce duk yaro mai buƙata ta musamman daga shekara 3 zuwa 21 dole makarantar gwamnati ta ba shi ilimin da ya dace da shi kyauta. Da zarar ka sa hannun yarda a gwada yaro kwana 60 gare su su gama, sai dai in jihar tana da nata wa'adin. Sai a zauna a rubuta masa tsarin karatunsa shi kaɗai, shi ne IEP ɗin, a riƙa sake dubawa duk shekara.

To amma fa ba wanda zai ɗauko maka a faranti. Zamanmu na farko mutum shida ne a teburin, kowa da kwamfutarsa, suna ta zuba turanci da gajerun sunaye, ni kuwa tarbiyyar gida ta hana ni motsi, malami yana magana ka katse shi? Sai to, to, na gode. Suka ce minti talatin a sati na koyon magana, na sa hannu har da murna. Sai daga baya wata uwa da muke jiran bas tare ta tambaye ni, wai me ya sa ban tafi da takardar gida na karanta ba tukuna. Ashe ina da damar yin haka. Ashe zan iya zuwa da wani ya raka ni, zan iya neman tafinta, in ban yarda da gwajinsu ba in nemi wani ƙwararre da ba nasu ba ya sake a kan kuɗinsu, in sun ƙi wani abu dole su rubuto min dalili. Wallahi ranar da kyar na yi barci don haushin kaina.

Ban cika ganin laifin malaman ba, majalisar Amurka ta yi alƙawarin ɗaukar kashi 40 cikin ɗari na kuɗin karatun irin waɗannan yara, har yau ba ta taɓa cikawa ba, shi ya sa makarantu ke ƙanƙamo, wanda ya yi shiru sai a ba shi ɗan kaɗan.

Masu cewa a Najeriya ba doka ma ba su da gaskiya. Buhari ya sa wa dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci hannu a Janairun 2019, a ciki har da ilimi kyauta zuwa sakandare, an kuma kafa musu hukuma a 2020. Bambancin shi ne a nan akwai takarda mai sunan ɗana da adadin mintocinsa, in aka tsallake sati biyu zan ɗaga ta in nuna. Uwar da ke can in hedimasta ya ce mata "Hajiya ba mu da malamin irin waɗannan, ki nemi makarantar kurame", me za ta ɗaga? Haka yaro zai ƙare a tsakar gida, kuma ba wai ta fi ni sakaci ba ne.

Abin da ke ci min rai shi ne mutanenmu da ke nan, ga haƙƙi a hannu amma wasu ko gwajin ba sa yarda a yi, kada a ji a ce ɗan wane ba shi da lafiya. Ni dai zaman bana da fayil ɗina na je da tambayoyi tara a rubuce, na karanto su ɗaya bayan ɗaya murya na rawa. An ƙara masa koyon maganar zuwa sau biyu a sati.